Ƙuri'ar Ƙarshe ta Kormos

Ranar da za mu yi gasarmu ta ƙarshe da dawakai, mai tirelar nan ya riga kowa isowa. Ya ajiye motarsa a bayan barga, kusa da tulin taki, ya zauna a ciki yana cin burodi da tsiran alade. Ban gaishe shi ba. Duk wanda ya yi aikin doki a ƙasarmu Hungary ya san irinsu. Ba sa duba haƙori, ba sa tambayar suna, a kan sikeli suke saye, su ƙetare iyaka da dabba zuwa mahauta. Tsohon dokinmu Kormos ya zo ɗauka.

Sunana Jolán. Da ƙuruciyata na yi öttusa, wasan da 'yan waje ke kira pentathlon: takobi, ninƙaya, hawan doki, harbi da gudu, duka a wuyan mutum ɗaya. Da gwiwata ta ce ta gaji, sai na koma barga a bakin garin Budapest, na shafe fiye da rabin rayuwata ina kai dawakai wajen gasa. A wasanmu ba mai zuwa da dokinsa. Ƙuri'a ake yi, wanda hannunka ya ɗauko shi za ka hau, a ba ka minti ashirin ku san juna, sannan ku shiga fili ku tsallake shingaye. Malaminmu, marigayi Baba Kálmán, yakan ce an gina wasan ne a kan sojan da aka aika da saƙo cikin yaƙi. Dokinsa ya faɗi, ya kama wanda ya samu, ya yi faɗa, ya ƙetare kogi, ya ƙarasa da ƙafa. "Shi wannan sojan," in ji Baba Kálmán, "wa ya tambaye shi ko dokin ya yi masa?"

To, manya sun zauna a ofisoshinsu sun cire doki daga wasan. Sun maye gurbinsa da hawan bango da lilo a jikin igiya. Na ji haushi, kuma har yau ina ji. Na san an ga wasu suna dukan doki a idon duniya, ni ma na gani, na kashe talabijin don kunya. Amma mai bulala ya kamata a kora, sai aka kori wanda aka daka.

Zalán, ɗan marigayi mai bargar, ba mugun yaro ba ne. Da aikin gasa ya ƙare, ba shi da abin ciyar da dawakai, sai ya sa su a kasuwa. Duk an saye su, za a kwashe bayan gasa, in ban da Kormos.

"Inna Jolán, na yi iya ƙoƙarina," ya ce da ni, yana kallon takalminsa. "Wa zai sayi tsohon doki mai taurin kai? Ke ma kin san halinsa."

Na san halinsa mana. Baƙi ne wuluk, amma furfura ta fara cin fuskarsa. Baƙin mahaya sun fi ƙarfin lissafi a bayansa, kowa da irin hannunsa, wasu hannu kamar na mai jan guga. Bakinsa ya gaji. In ka ja masa linzami gab da shinge, zai kafe ƙafafu ya tsaya, ko da kai ne shugaban ƙasa. In ka sakar masa, zai ɗauke ka ya sauke ka lafiya. Da ina da wurin da zan ajiye shi da magana ta ƙare, amma a hawa na huɗu na wani bene nake zaune a unguwar Csepel, ɗaki ɗaya da kicin.

Mutum ɗaya ta rage mini, Piroska, mai makarantar koyon hawan doki a gefen tafkin Balaton. Na yi ta damunta da waya har ta yarda ta zo kallo.

"Ki ji ni da kyau, Jolán," ta ce. "Yara nake koya wa, ba zan sayi rigima ba. In na gan shi da idona ya kai baƙon mahayi ƙarshen fili lafiya, zan ɗauke shi. In bai kai ba, kada ki ƙara kirana a kan wannan maganar."

Gasar ta mata ce, ta gayyata, an zo daga ƙasashe da dama don a yi sallama da doki. An rataye tutoci a jikin shingen fili, hazon kaka ya jiƙa su sun yi nauyi. Ina cikin gyara wa Kormos geza na ji wata murya a bayana.

"Har yanzu ba a binne ki ba, tsohuwa?"

"Jira nake in ga naka tukuna," na ce, ban ko juya ba.

Ottó ne. Tare muka taso a hannun Baba Kálmán, tare muka sha zaginsa. Ya tafi Alƙahira koyarwa tun gashinsa yana baƙi, ya ce shekara biyu zai yi, ga shi ya dawo da sanƙo da tumbi da Larabci a baki. Ya rungume ni, yana warin taba. Ya zo da ɗalibarsa guda, Rudaina, doguwar yarinya mai shiru-shiru, ta ɗaure kanta da baƙin ɗankwali. Ta gaishe ni da kai, na gaishe ta da kai. Ba ta jin yarenmu, ni kuma ba na jin Larabci, Turanci ma sai dai in ce na gode.

"Kin ga wannan?" Ottó ya ce. "Ita ce ribar zamana a can. Ba ta taɓa cin zinare a waje ba. Yau za ta ci, ki rubuta ki ajiye."

"Kai da ka goyi bayan a cire doki, me ya kawo ka nan?"

"Ban goyi baya ba, Joli, na dai yi shiru. Ki zo Alƙahira ki ga yaran da ke son wasan nan, ubanninsu ba su da kuɗin hayar jaki balle doki. Bango da igiya kowa zai iya samu."

"Sai ku canja masa suna."

"Kullum bakinki kamar na Baba Kálmán."

Bai yi ƙarya a kan yarinyar ba. A wasan takobi ta hana kowa sakat, a ruwa ma ta yi abin kirki, kafin azahar ita ce a kan gaba. A al'adarmu wanda ke kan gaba shi ke sa hannu a ƙuri'a, sauran kuma a raba musu dawakai bi da bi. Kowane doki mutum biyu ke hawansa, na ƙasa-ƙasa ya fara, na sama ya biyo baya. Tsohuwar hular kwanon Baba Kálmán aka kawo, wadda ta lotsa a gefe, ita muke zuba lambobi a ciki tun yana da rai. Rudaina ta sa hannu ta ɗauko. Alƙali ya ɗaga lambar sama. Ta Kormos ce.

Na ji daɗi, na kuma ji tsoro. Amma kafin a zo kanta, sai wata yarinya ta fara hawansa, 'yar wata ƙasar arewa, ita ce ta ƙarshe a jeri. Ina miƙa mata ragama ta ƙanƙame ta tamau. Na yi mata alama da yatsu, saki, saki, ta gyaɗa kai, amma ba ta tare da ni. Ba na ganin laifinta. Tsoro ne, kuma duk wanda ya ce bai taɓa jinsa a kan baƙon doki ba maƙaryaci ne.

Shingen farko sun wuce da ƙyar. A na uku, wanda aka yi wa fenti kamar jan bulo, ta ja linzami da dukan ƙarfinta. Kormos ya kafe. Ta zagayo, ta sake ja, ya sake kafewa. Ta sa masa bulala, ya ja da baya yana kaɗa kai, kumfa tana zuba daga bakinsa. A ƙarshe ya taka birki a gindin shingen, ta zame ta wuyansa ta faɗi a kan yashi. Ta tashi, ba ta ji ciwo ba, tana kuka. Aka buga ƙararrawa, an fitar da su.

Na shiga na kamo shi. Ina fitowa na hango Piroska a wurin zaman 'yan kallo tana ɓalla maɓallan kwat ɗinta. Mai tirela kuma ya sauko daga mota, ya zo ya jingina da shinge yana sakace haƙori.

Akwai doka. In doki ya yi irin wannan turjiya da mahayin farko, na biyu yana da damar ya ƙi shi, a ba shi dokin da aka ajiye don ko-ta-kwana. Namu na ajiya goɗiya ce, Tündér, wadda ko buhun dankali ka ɗora mata za ta kai shi ƙarshen fili. Duk mai hankali da ke kan gaba a gasa zai karɓe ta. In kuwa Rudaina ta karɓe ta, Kormos ya gama shiga fili ke nan har abada, kuma abin da Piroska ta gani shi ne na ƙarshe.

Na bar shi a hannun Zalán na nufi Ottó, gwiwata tana ƙara.

"Ottó, ka ga mutumin can mai jar hula?"

Ya duba. Ya gane ko wane ne, ai shi ma ɗan barga ne.

"Don wannan baƙin ya zo?"

Na gaya masa komai, Piroska da sharaɗinta. "Ka faɗa wa yarinyarka. Ka ce mata dokin ba mugu ba ne, bakinsa ne ya gaji. Ka ce mata in ta ƙi shi, yau zai kwana a hanyar mahauta."

Ya juya ya dubi ɗalibarsa.

"Joli, kin san abin da kike roƙo? Yarinyar nan tun tana ƙarama take tashi da asuba ta shiga bas biyu zuwa wurin ninƙaya. Uwarta ta sayar da awarwaronta ta saya mata takobi. Yau ne kawai ƙofa ta buɗe mata. Sai in je in ɗora mata ran doki a ka, minti kaɗan kafin ta hau?"

"Ran doki ba komai ba ne a wurinka yanzu?"

"Kada ki yi mini haka."

"Na yi maka. Ka je can ka koyi lilo da igiya, ka manta wanda ya koya maka zama a kan sirdi."

Fuskarsa ta yi ja har sanƙon. Na faɗi maganar don ta yi masa zafi, ta kuma yi. Bai rama ba. Ya juya ya tafi wajen yarinyar, daidai lokacin da alƙali ya iso da tambayarsa. Na tsaya nesa ina kallon bakinsu. Ottó ya yi magana da Larabci, ya nuna Tündér, ya nuna Kormos. Rudaina ta dubi goɗiyar, ta dubi baƙin dokin da ke huci a hannun Zalán, jikinsa sharkaf da gumi. Ta yi wata 'yar gajeriyar magana. Ottó ya sake yi mata bayani, yana buɗe hannuwa. Ta girgiza kai, ta nuna Kormos.

Na ce a raina, Allah ya yi maka albarka, Ottó, ka faɗa mata.

Aka fara ƙirga musu minti ashirin. Wasu mahaya suna hawa suke fara tsalle, don su ga iyakar dokin. Ita ba ta yi haka ba. Ta tsaya a gabansa ta bar shi ya shinshini hannunta da kafaɗarta. Ta miƙa wa Ottó bulalarta. Sannan ta dube ni, ta nuna bakin dokin, ta ɗaga gira.

"Tambayarki take yi," Ottó ya ce, bai kalle ni ba.

"Ka ce mata in sun doshi shinge ta manta tana da hannu. Ƙafa kawai. Kuma yana son a yi masa magana."

"Da wane yare?"

"Ya ji na duniya duka, bai taɓa zaɓa ba."

Ta hau. Ta yi ta tafiya da shi a hankali, zagaye bayan zagaye, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, har na fara jin tsoron lokaci zai ƙare ba su gwada ko shinge ɗaya ba. Kunnuwansa da ya manne a baya suka fara motsi. Sai can gab da ƙarshe ta gwada shi sau biyu, ya tsallake, amma ina ganin yadda yake jiran a ja shi.

Da aka kira sunanta fili ya yi tsit, don kowa ya ga abin da dokin ya yi ɗazu. Na duba wurin Piroska. Tana tsaye a bakin matakala da jakarta a kafaɗa, ba ta tafi ba, ba ta kuma zauna ba.

Na farko, lafiya. Na biyu, lafiya. Suka doshi jan bulon nan. Na ga wuyansa ya sandare tun daga nesa, ya tuna. Ya kafe.

A irin wannan lokacin ne mahayi ke tuna agogo, ya tuna maki, hannunsa ya yi abin da bai sa shi ba. Rudaina ta zauna daram. Ta sunkuya ta shafa wuyansa, ta juya shi, ta yi babban zagaye a hankali kamar ba gasa ake ba. Lokaci yana tafiya, maki yana zuba, kowa a filin ya san zinarenta ne ke zuba. Ottó ya riƙe ƙarfen shinge a gefena har yatsunsa suka yi fari. Ta sake doso bulon, na ga ragamar ta yi sako-sako a wuyansa. Kormos ya ɗaga kunne ɗaya. Ya tashi sama, ya sauka a ɗaya gefen.

Daga nan ya saki jiki. Ya taɓa sanda ɗaya a tsakiya ta faɗi, tsufa ne, ƙafar baya ba ta ɗaguwa kamar da. Sauran duk ya tsallake su, har na ƙarshe. Mutane suka tashi tsaye suna tafi. Ni ban iya tafi ba, ina riƙe da bargonsa da hannu biyu ina kuka, ban kuma damu da wanda ya gani ba.

A wasanmu makin da ka rasa shi ke komawa jinkiri a gudun ƙarshe. Rudaina da za ta fara tashi ita kaɗai a gaba, sai ga ta tsaye tana kallon bayan mutane suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ta yi gudu, ta yi harbi ba kuskure sosai, ta kamo wasu. Ba ta kamo duka ba. Ta huɗu ta zo, wurin da ba a ba da komai. Ta durƙusa a bayan layi ta daɗe kanta a ƙasa.

Piroska ta same ni a ƙofar barga.

"Ki haɗo shi da bargonsa da linzaminsa," ta ce. "Amma ke za ki zo ki nuna wa yarana yadda ake riƙe shi."

Mai tirela ya tofar da tsinken sakace, ya tayar da motarsa. Na tsaya har ta fita daga ƙofa.

Da yamma, ana kwance tutoci, Rudaina ta shigo barga ta canja kaya, idanunta sun kumbura. Ta kawo wa Kormos tuffa. Ottó yana biye da ita ɗauke da jakar takubbanta. Na kama hannunta da nawa biyu.

"Ottó, ka fassara mata, kada ka rage komai. Ka ce mata na san abin da ta bayar yau. Ka ce ran dokin nan a hannunta ya kuɓuta, kuma ba zan manta ba har in mutu."

Ottó ya ajiye jakar.

"Ka fassara mana."

"Joli, ban faɗa mata ba."

"Me?"

"Ba ta san zancen mahauta ba. Ba ta san Piroska ba. Cewa na yi ta ɗauki goɗiyar. Sau biyu na faɗa mata, kina kallo."

Na saki hannun yarinyar. "To me ta ce maka?"

Ya shafa sanƙonsa.

"Ta ce, Kyaftin, haka suke kirana a can, ba kai ka ba mu labarin sojan nan ba? Ka ce ba wanda ya tambaye shi ko dokin ya yi masa. Ta ce wannan ce ƙuri'ar doki ta ƙarshe a rayuwarta, ba za ta mayar da abin da hannunta ya ɗauko ba." Ya kau da kai. "Ni na ma manta na ba su labarin. Suna 'yan mitsi-mitsi lokacin, a bakin ruwa, don su yi shiru ne kawai."

Baba Kálmán bai taɓa zuwa Alƙahira ba. Ko jirgin sama bai yarda da shi ba. Na tsaya ina kallon yarinyar nan da ba ta taɓa jin sunansa ba, tana miƙa wa dokina tuffa a tafin hannu, yatsunta a miƙe yadda ya koya mana.

Ta dube ni, ta dubi Ottó, ta yi masa tambaya.

"Tana so ta san me Mama take cewa. In gaya mata?"

Na yi tunani. Ta riga ta biya, kuma ba don a gode mata ta biya ba.

"Ka ce mata dunduniyarta ta hagu tana ɗagawa in ta doshi shinge," na ce. "Ta gyara."

Ya fassara. Ta yi ɗan murmushi, ta ba shi amsa a hankali, tana shafa goshin Kormos.

"Ta ce ta gode, Joli. Ta ce amma ba sauran inda za ta gyara ta."